Dogon Hutu: Shawarwari Ga Iyalin Da Zai Je Ganin Gida

Daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba makarantun boko a Najeriya suna rufe, a Nijar kuwa hutun yakan zarce haka. A wannan tsakanin ne ma'aikacin da ke Abuja, da ɗan kasuwar da ke Agege ko Sabon Ibadan, da mai sana'a a Fatakwal suke shan kiran waya daga gida: "Wai yaushe za ka kawo mana yaran nan mu gan su?" Amsar ta yi nauyi tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuɗin mota kuma ya bi sawunta. Ga hutun ya faɗo tsakiyar damina, lokacin sauro da yankewar hanya. Duk da haka ina cikin masu cewa a je. Yaron da ya kai shekara goma bai taɓa kwana a ɗakin kakarsa ba, an tauye masa wani haƙƙi. Sai dai a je da shiri.

1. Ku fara lissafi daga ranar dawowa. Yawancin iyalai ranar tashi suke tsayarwa, ta dawowa su bar ta a "sai yadda hali ya yi". Ku juya abin. A duba ranar da makaranta za ta buɗe, a ja baya da mako guda, a ce ranar nan muna gida in Allah ya yarda. Sannan a zo kan kuɗi. Zangon farko shi ne mafi cin aljihu a shekara: sabon aji, sababbin littattafai, wandon makaranta da ya ɗage, takalmin da ya matse. A ware wannan tukuna, a ware kuɗin motar dawowa, a ajiye su inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi. Abin da ya rage shi ne kuɗin hutu. A gida akwai gwaggo marar lafiya, akwai ƙanen da zai yi aure da kaka, akwai abokin ƙuruciya da takinsa bai cika ba, kuma dukkansu gaskiya suke faɗa. Wanda ya haɗa kuɗin makaranta da kuɗin kyauta a aljihu ɗaya, da wuya ya dawo da ko ɗaya daga ciki.

2. Ku sanar da wuri, kuma ku tafi da abincinku. Mutumin birni yakan manta cewa Agusta a karkara watan ƙarancin abinci ne. Hatsin bara ya kusa ƙarewa a rumbu, na bana yana gona bai nuna ba. Gero sai wajen Satumba, dawa sai bayan nan. Ɗan kuɗin da ke hannu ya tafi a taki da 'yan ƙwadago. A cikin wannan halin ne za ka sauke mutum shida ko bakwai a gidan tsohuwa, ita kuwa kunya ba za ta bari ta ce babu ba. Za ta sa a yanka zakaran da take tattali, ta aika a karɓo bashin shinkafa a kanti, kai kuma kana ta murna an karrama ka. Saboda haka shinkafa, taliya, man girki, sukari, ganyen shayi, sabulu da kuɗin cefane su riga ku isa, ko su iso tare da ku. Kada a sauke su a tsakar gida a gaban maƙwabta. A shigar mata ɗaki, a ce, "Inna, ga wannan a ajiye, ko yara za su buƙata." Ta san abin da kake nufi, kai ma ka san ta sani.

A faɗa mata adadinku da kwanakin da za ku yi. Tun kafin a tashi kuma miji da mata su zauna su raba kwanakin tsakanin dangin uba da dangin uwa. Rigimar da ake yi a kan wannan a tsakiyar hutu ta ɓata tafiya da yawa, alhali magana ce ta minti goma in an yi ta da wuri.

3. Gidan da za ku bari ma yana buƙatar sallama. A kwashe abin da ke cikin firji, a kashe shi, a bar ƙofarsa a ɗan buɗe. A rufe kan tukunyar gas, a zare duk wata waya daga bango, a kashe famfo daga tushe. Tunda damina ce, a yashe kwata, a duba indararo da rufin da ke yoyo, a ɗaga buhunan hatsi da katifu daga ƙasa, a kife duk bokiti da tsohuwar tayar da ruwa zai kwanta a ciki. Makulli ɗaya ya zauna hannun maƙwabcin da kuka yarda da shi, ya riƙa leƙawa bayan kowane ruwa mai ƙarfi. A kuma ja kunnen samarin gida da 'yan matan: ba a sanar da duniya ta Facebook ko WhatsApp cewa gida ba kowa, ba a kuma faɗin ranar da za a bi wace hanya. Hotunan za su jira a dawo.

4. Sammako, kuma ban da tafiyar dare. Daga Zuba zuwa Kano ta Kaduna da Zariya kusan kilomita 375 ne. Wanda ya tashi bayan sallar asuba zai isa da sauran rana ko da ya tsaya sau biyu, in ba wani cunkoso ya riƙe shi ba. Wanda ya tsaya jiran a gama ɗaurin ɗankwali har hantsi ya dubi ludayi, magariba za ta same shi a daji. Akwai hanyoyin da kowa ya san halinsu a shekarun nan, irin ta Kaduna zuwa Birnin Gwari da wasu sassan ta Funtuwa zuwa Gusau, kuma labarinsu yakan canja daga mako zuwa mako. Wanda ya fi kowa sanin halin da hanya take ciki yau shi ne direban da ya biyo ta jiya. Ku shiga tasha ku tambaya, ko ku kira wanda ke can.

Ruwa ma yana tare hanya. A 2022 ambaliya ta tsayar da motoci kwana da kwanaki a wajen Lakwaja, a Agustan 2024 kuma ruwa ya yanke titin Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum. In kun tarar ruwa yana gudu a kan kwalta ko gada, ku tsaya, ko da kun ga babbar mota ta ratsa. Masu zuwa Kaduna daga Abuja suna da jirgin ƙasa tun 2016, daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa. Yara suna son shi, akwai banɗaki, akwai wurin miƙe ƙafa. An taɓa dakatar da shi na tsawon watanni bayan harin 28 ga Maris na 2022, saboda haka a tabbatar yana aiki a makon tafiyar, a nemi tikiti da wuri.

5. Mota ta ga bakanike mako guda kafin tashi. In an kai ta ana gobe tafiya, gyaran gaggawa za a yi, shi kuma a hanya yake tona asirin kansa. A duba birki, baƙin mai, ruwan lagireto, fitilu, da robar share gilashi, wadda ba a tuna ta sai hadari ya kece. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a jere da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta tsufa ko da zanenta bai goge ba, ba ta da amana a kan kwalta mai jiƙe. Safaya ta kasance da iska, jak yana aiki. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙayyade kilomita 100 a awa ga ƙananan motoci a kan babban titi mai tagwayen hanya, ta kuma ce direba ya huta minti 15 bayan kowace awa 4. Lambar kiran gaggawarta 122. Yara ƙanana bayan mota ne wurinsu, ba cinyar wanda ke gaba ba.

Masu bin motar haya su shiga cikin tasha, Jabi ce ko Kawo ko Unguwa Uku, inda ake rubuta sunan fasinja da lambar wani nasa. Motar bakin titi ta fi araha, amma ba wanda ya san ka shige ta. Ɗan kamasho zai rantse maka saura mutum ɗaya a tashi. Ƙirga kujerun da kanka. In da hali a saya wa yaran da suka tasa kujera, domin awa shida da yaro ɗan shekara bakwai a cinya azaba ce gare ku duka biyu.

6. Guzuri daga gida, magani a jakar hannu. Ruwan sha mai yawa, dafaffen ƙwai, soyayyen nama, burodi, dabino, kunu a fulas. A hanya abin da aka gasa ko aka dafa a gabanku ya fi aminci: masara mai zafi, dafaffiyar gyaɗa, ƙwan zabi da ke yawa a damina. Yankakkiyar kankana da ƙuda ya sha yawo a kai, da zoɓon ƙullin leda da ba a san ruwan da aka yi shi da shi ba, a haƙura da su. Amai da gudawa ya fi yaɗuwa a wannan lokacin. A tafi da ƙunshin gishiri da sukari na kemis. In babu, ana haɗa shi da lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Gidan sauro kuwa kowa da nasa, har da igiyar ɗaurawa. Kada a dogara da cewa akwai a can. Wani abu da iyaye kan manta: a jihohin arewa da kuma Nijar, ma'aikatan lafiya suna bin gida-gida da damina suna ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, sau ɗaya a wata, ana sha kwana uku a jere. Yaron da ke kan hanya yana iya tsallake zagaye guda. A tafi da katinsa, a tambaya a asibitin garin da aka sauka. Mai ciwon suga, hawan jini, asma ko sikila ya ɗauki maganin da zai ishe shi har da ƙarin mako guda.

7. Ku zaɓi abin da za a saurara kamar yadda kuka zaɓi guzuri. Ga iyalai da yawa, awannin nan na cikin mota su ne kaɗai lokacin da uba da uwa da 'ya'ya suke zama wuri ɗaya, ba mai tashi, kunnuwansu na jin abu ɗaya. Asara ce a bar kowa ya toshe kunnensa da wayarsa.

Ni dai in aka ce in zaɓi mutum ɗaya ya raka ni daga Kaduna zuwa Kano, Mamman Shata zan ɗauka. Kalangunsa ba ya gaggawa, ba ya kuma kasala, amshi ɗaya ake ta maimaitawa shi kuwa yana zuba magana a kai, har ka wuce Jaji ka doshi Zariya waƙa biyu ba su ƙare ba. Ga shi mutum ne mai ambaton garuruwa da mutanensu. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa, ya yi wa noma, har kumbon Apollo 11 bai bari ba. Ana iya sa yara su riƙa ƙirga garuruwan da ya ambata, in an zo wucewa ta ɗaya a nuna masu allon. Haifaffen Musawa ne, ya rasu a 1999, kabarinsa yana Daura, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa tun yana raye. Wannan kaɗai ya isa hira ta rabin awa da yaron da ke zaton waƙar Hausa a fim ta fara.

Amma ga yara ƙanana Ɗanmaraya Jos ya fi sauƙin shiga. Shi kaɗai ne da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi, maganarsa a fili, kuma labarin talaka yake bayarwa. Waƙarsa ta Karen Mota a kan yaron nan ne da kuka gani ɗazu a tasha yana ɗaure kaya a saman mota, yana kwana a ƙarƙashinta. Yaron da ya ji ta a hanya, in an tsaya shan mai zai dubi yaron mota da wani ido daban. Ya rasu a 2015.

Masu bin hanyar Sakkwato da Zamfara, ƙasar makaɗan fada za su shiga. Musa Ɗanƙwairo da kotsonsa, wanda ya rasu a 1991, shi ne gwanin karɓeɓeniya: ya ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, yaransa su cafe su ƙarasa, wasu su ɗora a kai. Ibrahim Narambaɗa na ƙasar Isa ya fi shi zurfin Hausa, har manya ma sai sun mayar da baya sun sake ji. A nan ne za ka ji murya daga kujerar baya: "Baba, wai me yake cewa?" Kada ka ce "ba za ka gane ba". Rage ƙarar, ka gaya masa wane sarki ake wasawa, me ya sa ake kiran sarki giwa, wane ne magabcin da ake yi wa habaici. In kai ma ba ka sani ba, a ajiye tambayar a kai wa kaka. Ka ga an sami abin da jika zai fara hira da shi.

Uwargida ma tana da rabo. Barmani Coge ta Funtuwa, mai kiɗan ƙwarya na amada, wadda ta rasu a 2013, ta shafe rayuwarta tana zuga mata su kama sana'a, kuma ba a jin ta a zauna shiru. Masu haurawa Maraɗi su nemi Sa'adu Bori. Su kuma yara a ba su nasu lokacin ba tare da tsaki ba: Umar M. Shareef, Nura M. Inuwa, Hamisu Breaker, duk wanda suke yayi. Ban ce duk abin da ake yi yanzu ya yi mini ba. Wasu muryoyin na'ura ta gyara su har sun zama iri ɗaya. Amma uban da ya haƙura ya ji waƙar ɗansa har ƙarshe, shi ne zai iya cewa "to yanzu saurari tawa". Aminu Ala yakan zama sulhu, domin kayan kiɗansa na zamani ne, kalmominsa kuwa na marubuta.

Abu biyu kafin a tashi. Na farko, a sauke waƙoƙin a memori tun a gida, don intanet yana ɗaukewa a daji. Masu tura waƙa a kasuwar waya suna da tsofaffin nan jibge. Na biyu, babba ya saurare su shi kaɗai tukuna. Kada a ɗauka tsufan waƙa shi ne tsabtarta. A cikin na Shata akwai zambo mai zafi, a cikin na amada akwai maganar da ta manyan mata ce a cikin ɗaki.

8. Gidan da ba a jin kiɗa, ba a rasa abin ji ba. Akwai karatun Alƙur'ani da tafsiri, akwai rubutattun waƙoƙi da ake rerawa ba ganga, irin Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya. Akwai tatsuniya da kacici-kacici, akwai labaran Magana Jari Ce da babba zai iya bayarwa da ka, domin karatu a mota mai tafiya yana sa wasu yara amai. Iyalan Kirista suna da waƙoƙin sujada na Hausa da kowa zai iya amsawa. Ko me ake ji, a rage shi a shingen jami'an tsaro, a kashe in ana kiran salla ko an ci karo da masu ɗauke da gawa. A motar haya kuwa kada a tilasta wa mutane jin abin da ke wayarka. In direba ya fara shiru mai tsawo bayan cin abincin rana, ƙara sauti ba ya maganin gyangyaɗi. A tsaya ya wanke fuska ya taka ƙasa.

Tafiya dama ce ta koya wa yara sallar ƙasaru a aikace. A mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48, wato wajen kilomita 80, ana mayar da salla mai raka'a huɗu biyu, wanda kuma ya yi niyyar zaman kwana huɗu a inda ya sauka sai ya cika. Sauran rassan hukuncin a tambayi malamin unguwa kafin a tashi.

9. Masu tsallaka iyaka, ta Jibiya zuwa Maraɗi, ta Kwangwalam zuwa Damagaram, ko ta Illela zuwa Ƙonni, su tuna abubuwa sun canja. An rufe iyakar bayan juyin mulkin Yulin 2023, aka buɗe a 2024, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. A tambayi wanda ya tsallaka kwanan nan irin takardun da ake nema, a riƙe na kowane yaro da katin rigakafin shawara, a yi canjin sefa kafin a isa.

10. In an isa, a saki yara su zama 'yan gida. Tun a hanya a koya masu wa za a durƙusa wa, wa ake ce wa Baffa, wa ake ce wa Kawu, wace ce Gwaggo wace ce Inna. A kuma gargaɗe su da wasan kaka da jika, don kada yarinya ta fashe da kuka in tsohuwa ta tare ta da, "Ga kishiyata ta iso, da me kika zo ki ƙwace mini miji?" ko yaro ya rasa ta cewa in ta ce, "Maigidana, ina cefanen?" Duk wanda ya yi dariyar Hausar yaron da ya tashi a Legas, a ja shi gefe a roƙe shi ya bari. Dariya ɗaya tana iya rufe bakin yaro har ƙarshen hutu.

Waya ta kwana a jakar uwa. Su bi 'yan uwansu gona su ga yadda ake maimai, su tsinko rama da tafasa, su kora awaki, su ci tuwon dawa da miyar kuka a kwano ɗaya da sauran yara. Abin da ba a sassauci a kai shi ne ruwa: kududdufi, rafi da ramin da aka haƙi ƙasar gini duk sun cika a wannan lokacin, yaron birni kuwa bai san zurfinsu ba. Takalmi a ƙafa in za a shiga ciyawa, fitila a hannu in za a zaga da dare.

Ga wani aiki da nake ganin ya fi duk hotunan da za ku ɗauka. Tsofaffin mata suna da waƙoƙin da ba a taɓa ɗauka a kaset ba: na niƙa, na daka da lugude, na reno, na gaɗa a dandali. Injin niƙa ya riga ya kashe na farkon, sauran ma suna bin sa. Ku nemi izininta, ku sa jikarta ta riƙe waya, a bar ta ta rera abin da ta tuna, ta faɗi wurin wa ta koya. Za ta fara da "ni na manta", sannan ta yi ta kawowa har dare ya raba. Haka tsoho in an tambaye shi sunayen kakanni da inda suka taso. Abin na gida ne, ba na watsawa a duniya ba. A hanyar dawowa ku sa shi a mota ku ga yadda yara za su yi tsit.

In garin yana kusa da wurin tarihi, a ware yini ɗaya: Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata a Kano, rijiyar Kusugu a Daura, hasumiyar Gobarau a Katsina, Hubbaren Shehu a Sakkwato, fadar Sarkin Damagaram.

11. Maigida, hutun nan har da matarka. Sau da yawa kai kana zaure ana shan hira da abokan ƙuruciya, ita tana gindin murhu da ɗanyen itace tana girkin mutum ashirin a gidan surukai, ba ta da bakin cewa ta gaji. Ka sayi gawayi ko ka tafi da ƙaramar tukunyar gas, ka nemi wadda za ta taya ta a biya ta, ka kuma tabbatar ta sami kwanakinta a gidansu cikakku.

12. Sallama tun ana jibi. A zaga dangi da rana tsaka, a ba wanda za a ba, don kada safiyar tafiya ta ƙare a ƙofar gidajen mutane. Tsarabar da za a ɗauko a yi mata wuri tun farko: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, man shanu, ƙuli-ƙuli, kilishi, cukun Nijar. Daddawa da man shanu a rufe su ruf a roba mai murfi, nesa da kayan makaranta. A ranar ce kuma wani zai ce, "Ku tafi da wance mana, ta riƙa taya ku aiki." Kada a amsa a bakin mota saboda kunya. A ce za a yi shawara. In an yarda daga baya, to riƙo ne, da makarantarta da suturarta da maganinta daidai da na 'ya'yan gida.

13. Ku iso gida da rana. Kafin a kwance kaya a kira tsohuwa a ce an sauka lafiya, domin tun da kuka tashi hankalinta yana kan hanya. Babba ya fara shiga shi kaɗai, ya buɗe tagogi, ya shinshina ko gas ya yi yoyo kafin a kunna wuta ko ashana, ya haska ƙarƙashin gado da bayan buhuna saboda kunama da maciji. A bar famfo ya zuba na ɗan lokaci kafin a sha. Katifu da barguna su sha rana, don ɗakin da ya yi makonni a rufe da damina ba ya rasa fumfuna. Maƙwabcin da ya riƙe makulli shi ne farkon wanda za a kai wa tsaraba.

Kwanakin da suka rage na mayar da yara kan turba ne: barci da wuri, tashi da wuri, aski, kitso, yanke farce, duba kai ko an kwaso kwarkwata ko makero, da aikin hutun da aka manta a ƙasan jaka. Wasu za su yi kwana biyu suna ƙunci suna kewar 'yan uwansu. A bar su su kira su.

A sa ido sosai a makonnin farko. Zazzaɓin cizon sauro yakan ɗauki kwana 10 zuwa 15 bayan cizon kafin ya bayyana, wato yaron da ya dawo garau yana iya kwantawa a makon da aka koma makaranta. Duk wanda jikinsa ya yi zafi, kada a tsaya ba shi ragowar maganin da ke cikin durowa. A kai shi a gwada jininsa a ranar, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya garin da kuka je da ranar da kuka dawo.